Me Ya Sa Gyaran Ilimi Ba Ya Ɗorewa a Najeriya?

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin UPE, wato karatun firamare kyauta ga kowane yaro. Yara suka yi tururuwa fiye da yadda aka zata, malamai suka yi ƙaranci, aka riƙa horas da wasu a gurguje. Da farashin man fetur ya faɗi a farkon shekarun 1980, shirin ma ya durƙushe. Aka zo da tsarin karatu na 6-3-3-4 don koya wa yara sana'a, amma da yawa daga cikin na'urorin da aka sayo daga waje sun yi tsatsa cikin akwatunansu, don babu wuta, babu kuma mai sarrafa su. A 1999 aka ƙaddamar da sabon shiri mai suna UBE, wato ilimin matakin farko ga kowane yaro, a Sakkwato.

Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, bisa sharaɗin kowace jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru biliyoyin naira na zaune a asusun UBEC, hukumar da ke kula da shirin, saboda wasu jihohi sun ƙi kawo nasu, alhali yara na karatu a ƙasa.

Tushen matsalar dai shi ne malami. A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, sama da 21,000 suka faɗi. An yi ta cece-kuce kan korarsu, amma ba a tambayi wanda ya horas da su, da wanda ya ɗauke su aiki ta hanyar alfarma ba. Samar da malami nagari aiki ne na shekaru: a zaɓo shi da cancanta, a horas da shi, a biya shi albashi kan lokaci, sufeto ya riƙa leƙa ajinsa. Gwamna kuwa wa'adinsa shekara huɗu ne, gini shi ne abin da zai iya nunawa kafin zaɓe. Shi ya sa makarantun tsangaya na zamani da gwamnatin Jonathan ta fara buɗewa a 2012 da yawansu suka koma kango bayan ta sauka.

Iyaye, idan ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi ko jiharku ta biya kasonta na UBEC, da kuma ranar da malamin ɗanku ya karɓi albashinsa na ƙarshe.