Baƙin Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja da Nguru: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kowace shekara, idan bazara ta kama, a kan ga waɗansu baƙi suna bin bakin tafkunan ƙasar Haɗeja da Bade da Nguru tun da asuba, suna rataye da tabarau mai jawo nesa da kyamara mai dogon baki. Talakawa su kan yi tambaya ko me su ke nema. Ya kamata Hakimai da malamansu su san amsar, domin gare su a kan kawo maganar.

Kogin Haɗeja da na Jama'are su ne ke malala a wannan ƙasa, su cika fadamu kafin ruwansu ya bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 300 a wurin. Waɗansu 'yan gida ne, kamar su dinya da kirinjijiya da balbela. Waɗansu kuwa baƙi ne daga Turai da Rasha, musamman ƙananan agwagin ruwa. Su kan iso wajen Oktoba, gudun sanyin ƙasarsu, su koma cikin Maris da Afrilu.

Dalilin da ya sa masu kallo ke zuwa gab da tafiyarsu shi ne, ruwa ya janye, tsuntsaye sun taru a 'yan tafkunan da su ka rage. A kwanakin nan babu abin da su ke yi sai kiwo, domin su tara kitsen da zai ƙetarar da su Hamada, tafiyar fiye da mil 1,000. Wannan kitse shi ne guzurinsu. Tsuntsun da a ka yi ta kora daga wurin kiwonsa ya kan tashi da guzuri kaɗan, ya faɗi a hanya.

Darajar wurin ta kai ƙasashen waje. Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci tafkin Dagona a 1989. A 1991 a ka kafa Gandun Dajin Tafkin Cadi, Dagona na cikinsa. A shekarar 2000 an shigar da tafkin Nguru cikin fadamun da duniya ta ɗauki alkawarin kiyayewa bisa Yarjejeniyar Ramsar, sa'an nan Dagona da Baturiya su ka biyo a 2008. Amma fa fadamar ta ragu tun da a ka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ga kuma ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Gauraka ma, wadda dattawa su ka san ta garke-garke, ganinta ya yi wuya ƙwarai.

Ga abin da a ke bukata daga mai ɗaukar hoto. Ya fara gabatar da kansa ga Hakimi ko Dagaci, in kuwa cikin gandu ne ya nemi izinin ma'aikatansa. Ya ɗauki ɗan gari ya yi masa jagora, ya biya shi ladansa. Ya fita da sassafe ko da la'asar sakaliya, rana tana bayansa, ya sa tufafi masu launin ƙasa, ya zauna wuri ɗaya shiru har tsuntsaye su saba da shi. Kada ya tayar da su da jifa ko ihu don ya sami hotonsu a sama. Kada ya taɓa sheƙa, ko ya tattake shuka, ko ya ɗauki hoton mutane sai da yardarsu.

Aikin Hakimi kuwa shi ne ya sanar da Dagatai da Sarakunan Ruwa da maharba cewa baƙin nan ba awon gonaki su ka zo ba. Ya tsawata a kan zuba guba a ruwa, gama tana kashe kifi da tsuntsu baki ɗaya, har ta kai ga mai cin namansu. In manoma sun kawo kukan ɓarnar janbaki a shinkafa, a kai maganar ga malaman gona, kada a bar kowa ya ɗauki hukunci da hannunsa.

Malamin Hakimi ma yana da nasa rabo. Wani lokaci a kan sami tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa, mai lamba da sunan wata ƙasa. Masana ne su ka sa shi don su gane hanyar da tsuntsun ke bi. Sai malami ya rubuta lambar daidai, da ranar da a ka same shi, da sunan tafkin, ya miƙa wa ma'aikatan gandun daji.

Da baƙin nan sun tashi arewa, shamuwa za ta iso daga kudu da albishirin damina. Ruwan da ke riƙe su duka shi ne ke riƙe masunci da makiyayi da manomin shinkafa. Hakimin da ya tsare shi ya tsare arzikin ƙasarsa.