Ƙudan Zuman da Ba Ya Shiga Amya

Zuman da aka saba da shi a ƙasashen Afirka yakan nemi duhu, ko kogon itace ko amyar da aka rataya masa. Amma a dazuzzukan Indiya da Malesiya da Indonesiya akwai wani iri mai girma, wanda masana suka laƙaba wa suna Apis dorsata tun 1793. Tsawon ma'aikaciyarsa ya kusa santimita 2. Shi kuwa a fili yake yin saƙa guda ɗaya tak, a ƙarƙashin reshe ko goshin dutse, faɗinta kan wuce mita ɗaya. A Malesiya ya fi son itacen tualang, wanda kan kai mita 80, kuma itace guda kan ɗauki gidaje masu yawa.

Da yake saƙar ba ta da bango, ƙudajen su ne bangonta. Sukan lulluɓe ta da jikinsu, wasu bisa wasu, kamar labule. Idan zirnaƙo ya matso, sai na kusa da shi su ɗaga cikinsu sama, na gefensu su bi, motsin ya ratsa labulen kamar iska a gonar gero. Wannan kan ruɗa maharin har ya kasa ware ɗaya ya kama.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne ƙaurarsu. Idan furanni suka ƙare, sai su bar saƙar su tashi, su yi watanni a wani wuri. A shekarar 2000 bincike biyu, ɗaya a Indiya ɗaya a Borneo, suka nuna cewa gida kan komo daidai inda ya bari. Alhali kuwa ma'aikatan da suka san wurin sun daɗe da mutuwa, domin kwanansu kaɗan ne.

Saboda haka sare dogon itace guda ba ƙaramar ɓarna ba ce, watau an rushe masaukin da ake komowa kowace shekara. Haka nan masu ɗibar zuma da dare, idan suka yanke saƙar duka har da 'ya'yan. A dajin U Minh na Biyetnam mutane sun fi dabara: sukan jingina gungume a karkace, ƙudan ya yi saƙa a jikinsa, su yanki wajen zuman kaɗai su bar masa sauran.