Tufafin ango da abokan ango

Tufafin ango su ne kayan da mai aure yake sakawa a ranar ɗaurin aurensa da sauran shagulgulan biki. A ƙasar Hausa waliyyin amarya da wakilin ango ne suke magana a wurin ɗaurin aure, ango kuwa yana zaune cikin jama'a, don haka sau da yawa shigarsa ce take nuna wa baƙi ko wane ne shi.

Ranar ɗaurin aure

Cikakkiyar shigar ango ita ce babbar riga da 'yar ciki da wando, duka daga yadi iri ɗaya, sannan hula da takalmi sau-ciki. Ɗinkin yakan ci kusan yadi 10. Fari aka fi zaɓa, sai ruwan madara da sararin samaniya. Yadin da ya fi daraja shi ne shadda, musamman wadda ake kira gezna, sunan da ya samo asali daga kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya.

Darajar babbar riga tana ga aikin da ke wuyanta da aljihunta. Akwai aska biyu da aska takwas, waɗanda aka sa wa suna saboda zanen da yake kama da tsinin aska, akwai kuma malum-malum mai yalwar aiki. Zariya da Kano sun yi suna wajen aikin hannu, haka ma Nufawan Bida. Aikin hannu yakan ɗauki makonni ko watanni, shi ya sa yawancin angwayen yau suke komawa ga aikin keke ko na kwamfuta, wanda ya fi sauƙin kuɗi amma bai kai na hannu ƙima a idon masana riga ba. Huluna kuwa an fi amfani da zanna bukar da kube da hular Bama ta ƙasar Barno. Rawani da alkyabba galibi na 'ya'yan sarauta ne da masu riƙe da sarauta.

Addinin Musulunci ya hana maza sanya zinariya da tsantsar alharini, saboda haka angon da yake son zobe yakan sa na azurfa.

Abokan ango

Abokan ango sukan yi anko, wato su ɗinka yadi iri ɗaya. Yawanci kaftani suke yi, wanda yadi 4 zuwa 5 yake isa, su bar wa ango babbar riga don kada a rasa gane shi a cikinsu. Wani lokaci hula kaɗai ake haɗawa. Babban abokin ango ne yakan zaɓi yadin, ya tattara kuɗin, ya raba.

Anko yana da masu suka. Matashin da abokansa da dama suka yi aure a shekara ɗaya yakan sayi yadi a kowane biki, ban da gudummawa, kuma wanda bai samu halin saya ba yakan ji kunyar shiga hoto, wani ma ya ƙaurace wa bikin.

Sauran shagulgula

A walima ango yakan sa kaftani ko jallabiya. A birane kamar Abuja da Kaduna, wasu angwaye suna sa kwat da nakatai a liyafar dare da ake kira dina, wasu kuma su sake wata babbar rigar mai launin da ya dace da kayan amarya.