Jinjiri yana jan kunnensa: wasa ne, haƙori ne, ko ciwo?

Lokacin hunturu, bayan an cika rumbuna, mura takan shiga gidaje a Dawce da ƙauyukan da ke kewaye. Iska tana kawo ƙura, dare yana sanyi, ana hura wuta cikin ɗaki. A lokacin ne uwaye da yawa suke ganin jinjiri yana kai hannu ga kunne, yana ja, yana murzawa. Kaka ta ce haƙori ne, a bar shi. Maƙwabciya ta ce a ɗiga masa man gyaɗa. Uba kuwa, in bai tafi cin rani ba, sai ya ce yaro ba ya rasa wasa.

Sau da yawa uban ne ke da gaskiya. Wajen wata 4 jinjiri yakan fara sanin jikinsa. Ya gano yatsunsa, ya kama ƙafarsa ya kai baki, ya gano kunne. Wani kuma yakan ja kunne in barci ya kama shi, kamar yadda wani yake tsotsar yatsa. In yana shan nono sosai, yana dariya, jikinsa ba zafi, to ba abin da za a yi masa.

Kaka ma tana da nata rabon gaskiya. Haƙoran farko sukan fito wajen wata 6, kuma su cika 20 wajen shekara 3. Dasashi yakan kumbura ya yi ƙaiƙayi. Jijiyoyin muƙamuƙi da na kunne suna haɗe, shi ya sa yaro yake jin abin har kunne. Amma haƙori ba ya kawo zazzaɓi mai ƙarfi, ba ya sa kunne ya zubar da ruwa. Nan ne ake asara. Yaro ya kwana uku jikinsa kamar wuta, ana ta cewa haƙori ne, alhali zazzaɓin cizon sauro ne ko ciwon kunne.

Kunne kamar gida ne mai zaure da ɗaki. Zauren shi ne ramin da ake gani. A ƙarshensa akwai wata fata siririya a ɗame, kamar fatar kalangu. Ita ce dodon kunne. Bayanta akwai ɗan ɗaki, kuma daga ɗakin wata ƴar hanya ta sauka zuwa bayan hanci. Ta babba doguwa ce, ta gangara ƙasa. Ta jinjiri gajera ce, kusan a kwance take. In mura ta kama shi, hanyar ta toshe, ruwa ya taru a ɗakin, ƙwayoyin cuta su yi mugunya, mugunyar ta danne fatar. Ciwon yakan ƙaru in an kwantar da yaro, kuma in yana tsotso. Shi ya sa yakan kama nono, ya saki, ya fashe da kuka. Yara daga wata 6 zuwa shekara 2 su ne ya fi kamawa.

Wani lokaci fatar takan huje, mugunya ta fito, kuka ya tsaya. Uwa ta yi murna ta ce ya warke. Bai warke ba, ƙofa ce ta buɗe. Likitoci suna ƙidaya kwanaki: in kunne ya yi kwana 14 yana zuba, ciwon ya zauna ke nan, kuma yana iya rage wa yaro ji.

Saboda haka ba hannun yaro kaɗai ake dubawa ba, ana duba yaron duka. In jan kunne ya haɗu da zafin jiki, ko kukan dare, ko ƙin nono, ko ruwa daga kunne, a kai shi gidan likita mafi kusa. In kuma bayan kunne ya kumbura yana zafi, ko maɗiga ta taso, ko wuya ya sanƙare, ko yaro yana jijjiga, kada a jira ranar kasuwa don a sami mota. A ɗauke shi ranar nan. Irin wannan ne ake turawa asibitin Matamaye, ko babban asibitin Damagaram.

Likita zai leƙa kunnen da fitila, ya gwada jini don zazzaɓin sauro. In ya ba da amokisilin na kwana 5, a cika kwanakin, ko da yaro ya sami sauƙi tun rana ta biyu. Maganin masu yawo da faranti a kasuwa, wanda ya sha rana, ba shi ne na jinjiri ba. Kunne mai zuba kuwa, a murɗa tsumma mai tsabta kamar lagwani, a sa a bakin ramin ya tsotse ruwan, a sake wani har ya fito busasshe, sau 3 a rana. Man gyaɗa, man shanu, ruwan albasa, gashin kaza, tsinken ashana, duk kada su shiga. Abin da aka ɗiga ta hujin nan yana wucewa har ɗaki.

Masu tsoron kuɗi su tuna cewa tun shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke kuɗin duba yaran da ba su kai shekara 5 ba. A shekarar 2014 kuma aka ƙara wata allurar rigakafi ta ciwon huhu, wadda ake yi a sati 6, da 10, da 14. Ƙwayar cutar da take karewa tana cikin masu kawo ciwon kunne. Nono zalla har wata 6 yana kare yaro, haka ma nisanta shi da hayaƙin murhu da na taba. Makiyaya masu ba yaro madara su ɗaga kansa, kada a ɗura masa yana kwance.

Akwai kuma na waje. Yaro mai rarrafe a wurin sussuka yana iya cusa ƙwayar gero ko wake a kunne. Kada a zuba ruwa, don wake yana kumbura. Kada a tona, likita yana da abin cirewa. Ƴa mace da aka yi wa hujin kunne, a duba zaren, wataƙila wurin ne ya yi ƙurji.

Bayan yaro ya warke, uwa ta gwada shi. Ta tsaya bayansa inda ba ya ganinta, ta kira sunansa, ko ta kaɗa ludayi a ƙwarya. Jinjirin da ya wuce wata 6 yakan juyo. In an yi haka kwana da kwanaki bai juyo ba, a koma da shi wurin likita, a faɗa masa tun yaushe kunnen ya fara zuba.