Takardar da ke tsare yaro a ƙofar makaranta a Khartum

Mai karatu, in ka taɓa zama a Khartum kafin yaƙi, ka san Mantiƙa Sinaiya, wurin makanikai da masu walda da masu sayar da kayan gyaran mota. Ka ɗan tsaya a can, ba ka rasa jin Hausa na tashi daga ƙarƙashin wata mota. Cikin yaran da ke miƙa sufana a garejojin nan akwai waɗanda shekarunsu na zaman aji ne. A shirinmu na wannan mako mun duba abin da ya raba irinsu da allo, da abin da matasa 'yan'uwansu suka yi a kai.

Talauci na nan, ba mu musa ba. Amma akwai wani shinge da ba a cika faɗa ba, shi ne takarda.

Bari mu koma baya kaɗan. Hausawa da Fulani sun daɗe suna ratsa Sudan a ƙasa zuwa aikin Hajji, wasu guzuri ya ƙare suka zauna. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, hannun mutanenmu ya yi aiki sosai a ciki. Duka aka haɗa su a suna ɗaya, Fallata. A Khartum ma unguwarsu Ishash Fallata ake ce mata, kafin hukuma ta tashe ta.

To, ga inda gizo ke saƙar. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai in kakanninka na wajen uba suna zaune a Sudan tun 31 ga Disamba 1897. Ka lissafa da kanka: mutanen Mai Wurno sun iso bayan wannan rana. Dokar 1994 ta sassauto zuwa 1 ga Janairu 1956, wanda ya shigar da mafi yawansu. Sai dai doka daban, tagar ofis daban. Tun da aka fito da lambar ɗan ƙasa a 2011, wadda suke kira raƙam waɗani, mai nema sai ya kawo shaidu daga dangin uba, kuma wanda sunansa ko harshensa ya yi kama da na ƙetare yakan sha tambayoyin da maƙwabcinsa bai sha ba. Ita kuwa lambar ana nemanta wajen rajistar jarrabawa.

Ɗauki yarinya da aka haifa a Omdurman, a nan aka haifi babanta, kakanta bai taɓa ganin Kano ba. Ta yi shekaru tana karatu, ranar rajista a ce ta kawo lamba. Uban bai da ita, don shi ma nasa uban bai taɓa yanka ba. Ba wanda ya kore ta fa, kawai dai sunanta bai fito ba. Haka 'ya'yan mutanen Sudan ta Kudu suka tsinci kansu bayan rabuwar 2011: sun kwana 'yan ƙasa, sun tashi baƙi. Alhali Sudan ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1990, wadda ta ce ilimin firamare haƙƙin kowane yaro ne, ba ta ce sai mai lamba ba.

A Yulin 2022, bayan rikicin jihar Blue Nile da ya ci rayuka sama da 100, dubban Hausawa, galibinsu matasa, suka fito titunan Khartum da Kasala da Gadarif da Port Sudan, a Khartum aka tarbe su da barkonon tsohuwa. Jini da filaye ne suka fito da su, ba makaranta ba. Amma a ganinmu kalmar da suka fito ƙaryatawa, wato "ku baƙi ne", ita ce dai ke tsare yarinyar can a tagar rajista.

Akwai kuma baƙin gaske, ɗaliban da suka zo daga Najeriya da Nijar, da yawansu a Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka, wadda ta zama jami'a a 1992. Da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, ɗaliban Najeriya ba su zauna jiran tsammani ba. Shugabannin ƙungiyarsu suka tattara sunaye, yara suka riƙa ɗora bidiyo a intanet har maganar ta hana Abuja barci. Aka kwashe su a motocin safa, wasu suka kwana da kwanaki a iyakar Masar, rukunin farko ya sauka Abuja a farkon Mayu. An tsira da rai, alhamdulillahi. Sai ga takarda ta sake tare hanya: wanda ya kai aji huɗu a likitanci, sakamakonsa na can cikin ofishin da ba a iya shiga, wace jami'a za ta ɗora shi daga inda ya tsaya? Hukumar JAMB ta ce za ta taimaka a shigar da su jami'o'in gida, amma shaidar karatu sai wanda ya koyar da kai ya bayar.

Waɗanda ba su da ƙasar komawa kuwa suka zauna. A Oktoban 2023 UNICEF ta ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan. A unguwannin Khartum da Omdurman matasan ɗakunan agajin gaggawa, waɗanda suka tsiro daga kwamitocin unguwa na juyin 2019, suka kafa tukwanen takiya, a wasu wuraren har da ɗan wurin karatun yara. Mai zuba wake a kwano ba ya tambayar lamba.

Jarrabawar sakandare da yaƙi ya ɗage sai a ƙarshen Disamban 2024 aka zauna ta, kuma ɗalibai masu yawa ba su iya kai kansu cibiyoyin ba. Yanzu da jama'a ke komawa Khartum tun bayan da soja suka karɓe ta a Maris 2025, gidaje da yawa takardunsu sun ƙone ko an wawashe. In kana da ɗa ko ƙane a can, ka sa a ɗauki hoton duk takardar da ta rage, ta haihuwa, ta makaranta, ko katin rigakafi ne, a tura wa wani ɗan'uwa da ke wani gari ya ajiye.