Maigida Na Kashe Wa Babur Kuɗi: Wane Gyara Ne Zai Dawo Miki Da Shi Gida Lafiya?

Rannan wata maƙwabciyata ta shigo da wayar mijinta a hannu, ta nuna min jerin kayan da yake shirin yin oda. Wata uku ke nan da ya sayi babur na hannu, irin na masu doguwar tafiya, kuma tun daga lokacin duk albashin da ya shigo sai an gutsura wa babur nasa kason. A saman jerin akwai salansa mai ƙara, sai fitilu huɗu, sai akwatunan ƙarfe. Na duba har ƙasa ban ga hular kwano ba. Da na tambaya, sai ta ce yana da wata tsohuwa tun zamanin ƙaramin babur ɗinsa, igiyarta ma ta tsinke.

Ita kuɗin cefane ne ya dame ta. Ni kuwa abin da ya tsaya min a rai shi ne an jera kayan a birkice. Uwargida, idan mijinki ko ɗanki ya shiga wannan sha'awa, da wuya ki raba shi da ita. Abin da za ki iya shi ne ki san wane gyara ke tsare rai, wane ne ado, domin ki sa baki da hujja.

Wane irin babur ne?

Baburan da 'yan acaɓa ke hawa, irin su Bajaj Boxer, injinsu bai wuce cc 100 zuwa 150 ba. Matsakaitan baburan doguwar tafiya kuwa suna kamawa daga wajen cc 400 zuwa 900, kamar Honda CB500X da Suzuki V-Strom 650 da Yamaha Ténéré 700. An ƙera su ne don su bi kwalta su kuma sauka burji da yashi.

Sunan Ténéré ma daga Nijar ya fito, sunan hamadar da ke gabas da Agadas ne. Gasar tseren Paris zuwa Dakar ta farko, wadda aka kammala a Janairun 1979, ta ratsa Agadas da Yamai, kuma Bafaranshe Cyril Neveu ne ya lashe ta a kan babur ɗin Yamaha. A 1983 kamfanin ya fitar da babur mai wannan suna. Ténéré 700 na yanzu, wanda ya shigo kasuwa a 2019, yana da inji mai cc 689 da tanki mai cin lita 16, nauyinsa kuma ya ɗan haura kilo 200, kusan ninki biyu na babur ɗin acaɓa. A 2022 ɗan Najeriya Kunle Adeyanju ya taso daga Landan zuwa Legas a kan CB500X domin wayar da kai a kan cutar shan inna. Wato tun daga kamfani waɗannan babura suna da ƙarfin da ya ishi kowace tafiya. Ba ƙarin gudu suke buƙata ba.

A fara da mahayin

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sanya hular kwano mai inganci yadda ya dace yana rage haɗarin mutuwa da fiye da ninki shida, yana kuma rage haɗarin rauni a ƙwaƙwalwa da abin da zai iya kai kashi 74 cikin ɗari. Da yawanmu mun tuna farkon 2009, lokacin da aka tilasta sanya hular a Najeriya, wasu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai. Hular jabu ba ta fi waccan ƙwaryar da komai ba.

A nemi mai rufe haɓa, mai ɗauke da tambarin gwaji irin ECE 22.06, wadda ta kama kai ba ta rawa. Idan ta taɓa buguwa a haɗari a sauya ta, ko da ba a ga tsaga ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake shanye bugu. Bayan hula sai safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, da riga mai garkuwa a kafaɗa da gwiwar hannu da baya. Akwai masu raga-raga da iska ke ratsawa, don haka zafi ba uzuri ba ne. Idan kina hawa bayansa, ke ma ki sami taki hular, ki kuma tattare mayafi da bakin zane kada sarƙa ko taya ta kama su.

Taya da birki

Wannan ke ma za ki iya dubawa. A gefen kowace taya akwai rubutu da ya fara da DOT, ya ƙare da lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan kin ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Roba tana bushewa ko ba a hau ta ba, balle a ranarmu. Tayar da ta haura shekara biyar tana buƙatar a riƙa duba ta sosai, wadda ta fara tsattsagewa kuwa a cire ta.

Maza da yawa suna son taya mai manyan haƙora saboda kwarjini. A yashi da laka tana da amfani, amma a kan kwalta, musamman da damina, ba ta kama ƙasa kamar ta titi. Wanda yawancin tafiyarsa ofis ce da kasuwa, ya sayi wadda ta fi karkata ga kwalta.

Man birki yana shan danshi a hankali, shi ya sa kamfanoni ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Idan babur ɗin yana da ABS, na'urar da ke hana taya ƙullewa idan an taka birki da ƙarfi, kada a yarda wani makanike ya cire ta. A wasu baburan ana iya kashe ta don shiga yashi, amma da an hau kwalta a mayar.

Tsayi da kaya

Kujerar Ténéré 700 ta kai wajen santimita 87 daga ƙasa. Mutum matsakaicin tsayi da ƙyar yatsunsa ke taɓa ƙasa, kuma faɗuwa a tsaye da kilo 200 tana iya karya ƙafa. Mafi sauƙi a sa kujera mai ƙasa-ƙasa. Idan an sauke babur ɗin kansa, to a sauke gaba da baya daidai, a rage tsawon ƙafar da ake jingine shi a kai, a kuma san cewa cikinsa ya matso kusa da duwatsu.

Shokazoba ma ana saita ta gwargwadon nauyin da aka ɗora. Idan za a ɗauki mutum biyu da kaya ba a ƙara mata tauri ba, baya zai zauna, gaba ya yi sakayau, fitila ta kalli sama. Littafin babur ya faɗi iyakar nauyin da zai ɗauka. Kaya masu nauyi a sa su ƙasa, kusa da tsakiya, kada a tula su can ƙarshen baya.

Garkuwa da ƙura

A nan ne ƙarafa ke da amfani. Farantin da ake ɗaurawa ƙarƙashin inji yana hana dutse fasa shi, sandunan gefe suna tsare lagireto idan babur ya kwanta, garkuwar hannu kuma tana hana mariƙin birki da na kulochi karyewa. Da hunturu ƙura kan toshe matatar iska da wuri, sai a riƙa duba ta fiye da yadda littafi ya ce. Fitilar ƙari guda biyu sun isa, a haɗa su da fis nasu, a karkata su ƙasa kada su kashe wa mai tahowa ido.

Abin da zai iya jira

Salansa mai ƙara da taɓa kwamfutar inji su ne ƙarshen layi. Suna da tsada, abin da suke ƙarawa kaɗan ne, kuma idan ba gwani ya saita ba inji kan riƙa zafi. Sabon babur kuma yana iya rasa garantinsa. Maƙwabta masu jarirai ma suna da haƙƙi.

Yadda za ki ɗauko zancen

Kada ki fara da faɗa, kuma ba a gaban yara ba. Ki ce, “Baban Abba, nuna min kayan nan mana, wanne ne zai tsare ka idan tsautsayi ya gitta?” Ku ware wa babur kasonsa a wata bayan an cire abinci da kuɗin makaranta. Ki tambaya ko yana da lasisin tuƙin babur, wanda a Najeriya shi ne rukunin A, da inshora. Ku yi alƙawari cewa ba tafiyar dare, ba bin hanyar da ake fama da rashin tsaro, kuma zai kira idan ya sauka.

Maƙwabciyata ta gwada. Salansa tana nan a jerin, amma ta koma ƙasa, hula da tayoyi suka hau sama. Ke fa, akwai mai babur a gidanki? Faɗa mana a ƙasa yadda kuka daidaita. Allah Ya tsare mana su, Ya dawo da su gida lafiya.