Saitin Na'ura da Saƙar Hoto a Binciken Sankarar Mama

Hoton da ake ɗauka don binciken sankarar mama yana nuna fiye da ƙullutu. Yana nuna yadda fari da baƙi suka cuɗanya a cikin naman: kitse kan fito da duhu, hanyoyin nono da naman da ke riƙe su kuma su fito da haske. Wannan cuɗanya ita ce saƙar hoto, tamkar yadda zane yake da saƙa mai laushi ko mai kaushi. Tun a 1976 wani likitan Amurka, John Wolfe, ya nuna cewa yanayin saƙar da ke cikin hoton mamogiram yana da alaƙa da haɗarin kamuwa da cutar. Sai dai saƙar ba daga jikin mace kaɗai take fitowa ba. Na'urar da yadda aka saita ta suna da hannu dumu-dumu a ciki.

A mamogiram, ana amfani da hasken eksire mai rauni, galibi tsakanin kilobolt 25 zuwa 35. In aka ƙara ƙarfinsa, yakan ratsa mama mai kauri da sauƙi, amma bambancin fari da baƙi sai ya ragu. In aka rage yawan hasken don kare mai jinya, hoton yakan fito da ɗigo-ɗigo marasa ma'ana, waɗanda kan yi kama da kaushin nama. Matse mama tsakanin faranti biyu shi ma saiti ne. Matsi mai kyau yana baje naman ya hana wani ɓangare hawa kan wani, sassauci kuwa yana haifar da inuwar da babu ita a zahiri. Girman ƙwayoyin hoto ya bambanta daga mikiromita 50 zuwa 100 gwargwadon na'ura, kuma wannan yana shafar yadda ƙananan ɗigon alli, waɗanda kan zama alamar farko ta cutar, suke bayyana. Bayan haka, kowane kamfani, kamar Hologic ko Siemens ko GE, yana da manhajarsa ta gyara hoto kafin ya isa idon likita.

A sikanin na sauti, mai aikin yana iya ƙara haske ko ya rage da hannunsa. Haske in ya yi yawa, ƙullutun ruwa, wanda ya kamata ya fito baƙi ƙirin, sai ya cika da ɗigo ya yi kama da tsiro mai tauri. A MRI kuwa, ƙarfin maganaɗisu, tesla 1.5 ko 3, da kaurin kowane yanka na hoto, da mintunan da suka wuce bayan allurar gadoliniyam, duk suna sauya kamannin tsiro ɗaya.

Ƙwararren likita yakan gane irin waɗannan bambance-bambance ya yi musu uzuri. Kwamfuta ba ta yi. Tun 1973 Robert Haralick da abokan aikinsa suka fito da lissafin auna saƙar hoto da lambobi, kuma a 2012 Philippe Lambin da tawagarsa a ƙasar Holan suka yaɗa fagen radiyomiks, inda ake tatsar ɗaruruwan ma'aunai daga hoto guda. Idan aka horar da manhaja da hotunan marasa lafiya daga wata na'ura, na masu lafiya kuma daga wata, tana iya koyon bambance na'urorin maimakon gane cutar. Da an kai ta wani asibiti sai ta riƙa kuskure, kuma mata ne za su ɗanɗana kuɗarsu, ko dai ta hanyar yankan nama don gwaji ba gaira ba dalili, ko ta hanyar tsiron da aka tsallake.

Saboda haka ake ɗaukar matakai. Asibitoci suna gwada na'urorinsu a kai a kai da wani gunkin roba mai ɗauke da zaruruwa da ɗigo da ƙullutai na gwaji, don tabbatar da cewa hoton bai sauya ba. A 2020 wata haɗakar masu bincike ta duniya, IBSI, ta wallafa ma'aunai na bai-ɗaya don lissafin ya zama iri ɗaya a ko'ina. Akwai kuma dabarar lissafi ta ComBat, wadda aka aro daga binciken ƙwayoyin gado, don cire tasirin na'ura daga sakamako. Tasirin na'ura ne kuma dalilin da ya sa likitoci ke neman tsofaffin hotunan mace tare da sabo, tare da sanin na'urar da aka ɗauki kowanne, domin a rarrabe canjin da ya faru a jiki da wanda saiti ya kawo.